Famfon Ruwa Mai Aiki da Lantarki: Yadda Ake Gano Matsalar Wuta Kafin Injin Mota Ya Ƙone

A kan babbar hanyar da ta taso daga Gusau ta ratsa Talata Mafara ta nufi Sakkwato, da rassanta masu shiga Bakura da Maradun da garuruwa irin su Morai, mutuwar mota a tsakiyar daji ta wuce maganar asarar kuɗi. Yanki ne da aka sace ɗalibai da ma'aikata a Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a watan Agustan 2021, aka kuma kwashe ɗalibai 73 daga makarantar sakandaren Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun ranar 1 ga Satumban wannan shekara. Kwanaki kaɗan bayan haka aka katse layukan waya a faɗin jihar Zamfara. Direban da allurar zafin motarsa ta haura ja a irin wannan hanya yana tsakanin tsoro biyu: ya tsaya a inda bai amince da shi ba, ko ya ci gaba ya ƙona injin.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke jefa direbobi cikin wannan hali a motocin zamani shi ne famfon ruwa mai aiki da lantarki. Sau da yawa kuma famfon lafiyarsa ƙalau, wutar da ya kamata ta isa gare shi ce ta gaza. Wannan bayani ya tattaro yadda na'urar ke aiki, hanyar da wuta ke bi kafin ta kai mata, da matakan da ƙwararren mai wayarin ke bi domin gano inda matsalar take.

Mene ne aikin famfon?

Injin mota yana ƙona mai, kuma kaso mai yawa na ƙarfin man yana zama zafi. Ruwa ne ke zagaya cikin injin ya kwashi zafin, ya kai shi lagireto, inda iskar tafiya da ta fanka ke sanyaya shi kafin ya komo. Famfo ne ke tura wannan ruwa. Idan ya tsaya, ruwan da ke cikin injin zai tafasa cikin 'yan mintuna, alhali wanda ke lagireto yana nan da sanyinsa.

A yawancin motocin da ke zirga-zirga a kasuwar Talata ta Mafara, irin su Golf da Vectra da tsofaffin Corolla, bel ne ke juya famfon. Muddin injin na aiki, famfon na aiki. Sabon tsarin kuwa ya raba famfon da bel. An sa masa ƙaramin moto na kansa, ƙwaƙwalwar mota ce kuma ke ba shi umarnin lokacin da zai tashi da irin gudun da zai yi. Amfanin haka shi ne injin kan ɗumama da wuri, ana rage shan mai, kuma famfon na iya ci gaba da zagaya ruwa ko bayan an kashe mota. Illarsa ita ce waya guda mai tsatsa na iya hallaka injin gaba ɗaya.

Waɗanne motoci ne ke da shi?

Kashi uku ne. Na farko, motocin da babban famfon injinsu na lantarki ne. Kamfanin BMW ya fara sa shi a injinsa mai silinda shida da ake kira N52 a 2004. Toyota ta bi sahu a Prius ƙirar 2010, sannan a injin lita 2.5 na Camry daga ƙirar 2018.

Na biyu, motocin da ke haɗa fetur da batir, waɗanda ke da famfo na daban domin sanyaya inbata, wato na'urar da ke sarrafa wutar babban batir. Na uku, motocin da babban famfonsu na bel ne, amma an ƙara musu ƙarami na lantarki a matsayin mataimaki, kamar wasu nau'o'in Sharan da motocin da ke da turbo.

Waɗannan motoci suna ƙara samun masu saye a Arewa. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye kusan naira 185 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, hankalin masu saye ya ƙara karkata ga motoci marasa shan mai. Sai dai motocin sun riga ilimin gyaransu isowa garejin ƙananan garuruwa.

Hanyar da wuta ke bi

Wanda bai san hanyar wuta ba, lalube kawai zai yi. Wutar tana tashi daga kan batir mai alamar ƙari, ta bi ta fis, a wasu motocin ta ratsa rile, ta gangara cikin waya zuwa soket ɗin famfo. Bayan ta juya moton, sai ta fita ta wayar komawa, wadda ke ɗaure a jikin mota ko jikin injin, ta koma kan batir mai alamar ragi. Da'ira ce. Ko'ina ta yanke ko ta yi rauni, famfon zai tsaya ko ya yi sanyin gudu.

Ƙananan famfuna na taimako galibi wayoyi biyu gare su, ta shigar wuta da ta komawa. Manyan kuwa suna da uku ko huɗu ko fiye: biyu masu kauri na wuta, sauran sirara na saƙo, waɗanda ƙwaƙwalwar mota ke aika umarni ta cikinsu, wasu kuma famfon ke mayar da rahoton gudunsa ta ciki.

Babban famfon BMW na farko yana cin kimanin wat 200, wato sama da amfiya 15 idan yana cikakken gudu. Wuta ce mai yawa, kuma ita ce dalilin da ya sa ƙaramin rauni a mahaɗa ke zama babbar matsala.

Alamomin da ake gani

Allurar zafi ta hau cikin gaggawa, ko fitilar gargaɗi ta kama. Fanka ta riƙa kururuwa da ƙarfinta duka ko da injin bai daɗe da tashi ba, domin ƙwaƙwalwar mota na ƙoƙarin cike gurbin famfon. Mota ta rage ƙarfi da kanta. Tiyon sama ya yi zafi ƙwarai, lagireto kuwa da sanyi-sanyi. A Prius ƙirar 2004 zuwa 2009, jan alwatika kan bayyana a allon gaban direba, musamman a doguwar tafiya cikin rana.

Akwai kuma alamar da ke nuna wayarin kai tsaye: matsalar da ke zuwa ta tafi. Motar da ke lafiya a kan kwalta amma ta yi zafi bayan ta sha gargada a hanyar ƙauye, sau da yawa soket ne ya saki ko waya ta karye a cikin rigarta.

Abin lura a nan shi ne, rashin jin motsin famfo yayin da injin ke da sanyi ba hujja ba ce cewa ya mutu. Mai yiwuwa ƙwaƙwalwar mota ba ta umarce shi ba tukuna.

Matakan bincike

Kayan aikin ba su da yawa: mitar auna wuta, testa mai ƙwan fitila, ƙwan babbar fitilar mota mai wat 55 da aka haɗa wa wayoyi biyu, na'urar karanta lambobin matsala, da zanen wayarin na ainihin motar.

*Mataki na farko: ruwa.* Kafin a taɓa waya, a bar injin ya huce, a duba ko ruwa ya cika, ko akwai yoyo, ko iska ta shiga tsarin. Famfon da ke juyawa cikin iska ba zai tura komai ba, kuma yana saurin lalacewa. Ba a buɗe murfin lagireto da zafi, domin ruwan yana cikin matsi kuma zafinsa na iya wuce digiri 100.

*Mataki na biyu: lambobin matsala.* Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka tun daga 1996, da masu fetur na Turai tun daga 2001, suna da soket a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike. Lambobin P2600 zuwa P2603 suna nuni ga da'irar famfon ruwa: yankewa, rashin aiki daidai, ƙarancin wuta ko yawanta. A Prius ƙirar 2010, P261B na nufin matsalar famfon injin, P0A93 kuma matsalar sanyaya inbata. BMW na da nasa lambobin, irin su 2E81 da 2E82. Lamba dai unguwa take nunawa, ba ta nuna gida. Ba ta cewa a sayi sabon famfo.

*Mataki na uku: batir da caji.* Batir mai cikakken caji yana nuna kusan bolt 12.6 idan mota na kashe. Idan injin na aiki, ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.7 a yawancin motoci. Kawunan batir masu farin gari ko kore, ko waɗanda ke juyawa da hannu, sai an wanke an ɗaure su kafin a ci gaba. Prius ba ta da altaneta, inbata ce ke cajin ƙaramin batirinta, saboda haka ana auna cajin ne bayan kalmar READY ta bayyana a allo.

*Mataki na huɗu: fis.* Kallon ido bai isa ba, domin fis na iya tsagewa inda ido ba ya gani. Ana ɗora testa a kan ƙananan ƙarafa biyu da ke bayansa. Wuta a gefe biyu, fis lafiya. Wuta a gefe ɗaya, ya ƙone. Babu wuta ko'ina, matsalar tana gaba da shi, wajen batir ko makulli. Launin fis ɗin da aka saba gani yana nuna ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Idan an sa sabo ya sake ƙonewa nan take, to waya ta goge tana taɓa ƙarfe, ko moton famfon ya haɗe daga ciki. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce: a cire soket ɗin famfo a sa wani fis. Idan ya tsira, laifin famfo ne. Idan ya sake ƙonewa, laifin waya ne.

*Mataki na biyar: rile.* A motar da ke da shi, ƙafafunsa na ɗauke da lambobi. Ta 30 ce ke karɓar wuta daga batir, 87 ke miƙa ta ga famfo, 85 da 86 kuma su ne na naɗin wayar da ke jan makunnin. Ƙarar ƙas da rile ke yi ba shaidar lafiyarsa ba ce, domin bakin makunnin na iya ƙonewa ya hana wuta mai nauyi wucewa. Gwaji mafi sauri shi ne musanya shi da wani mai lamba iri ɗaya a cikin akwatin.

*Mataki na shida: soket da faɗuwar wuta.* Nan ne aka fi yin kuskure. Mai gyara zai cire soket, ya ɗora mita, ya ga bolt 12, ya yanke hukuncin cewa wuta na zuwa. Amma mita ba ta jan wuta. Ko silin waya guda ne ya rage bai tsinke ba, za ta nuna 12.

Lissafi zai fayyace abin. A ɗauka tsatsa ta haifar da turjiya ta om 0.2 kacal a wata mahaɗa. Idan famfo ya ja amfiya 15, bolt 3 za su salwanta a wannan wuri, wato 15 sau 0.2. Daga 12.6 sai 9.6 su isa ga famfon. Wutar da ta ɓace kuma zafi take zama, kimanin wat 45 a ɗan wurin da bai kai ƙwayar wake ba. Shi ya sa ake ganin soket ya narke ko ya yi baƙi.

Saboda haka ana gwada waya ne tana ɗauke da kaya. A jona ƙwan fitila mai wat 55 tsakanin ƙafar wuta da ƙafar komawa a soket. Idan ya haska tar, wayoyin na iya ɗaukar aƙalla amfiya huɗu. Idan ya yi ja-ja, akwai rauni. Daga nan, yayin da ƙwan ke kunne ko famfon ke aiki, a ɗora bakin mita ɗaya a kan batir mai alamar ƙari, ɗayan a ƙafar wuta ta soket. Abin da ta nuna shi ne wutar da ta ɓace a hanya, kuma bai kamata ya wuce rabin bolt ba. A maimaita tsakanin ƙafar komawa da kan batir mai alamar ragi, inda ake son kada ya wuce kimanin 0.2. Idan adadin ya yi yawa, a riƙa matsar da bakin mitar mahaɗa bayan mahaɗa har a kai inda ya faɗo. Raunin yana tsakanin wuraren biyu na ƙarshe. Yana da kyau a riƙa girgiza wayoyin yayin gwajin domin tono karayar da ke ɓuya.

*Mataki na bakwai: umarni.* Idan wuta da komawa sun tabbata, saura wayar saƙo. Na'urar bincike mai inganci na iya umartar famfon ya tashi, sannan a saurara ko a dafa a ji motsinsa. A BMW masu injin N52 akwai hanya ba tare da na'ura ba: a kunna makulli ba tare da tayar da injin ba, a kai hita ƙarshen zafi, fankar ciki a mafi ƙanƙanta, a taka totur har ƙasa na daƙiƙa 10. Famfon zai yi aiki na kusan minti 12, wanda shi ne tsarin fitar da iska. A Prius kuwa, idan makulli na kunne, ana ganin ruwan tankin inbata yana motsi in famfon na aiki.

Wayar saƙo ba a ɗora mata testa mai ƙwan fitila, ba a kuma jona mata wutar batir. Yin haka na iya ƙona ƙwaƙwalwar mota, wadda ta fi famfon tsada. Sai bayan wuta ta isa, komawa ta yi kyau, umarni ya zo, famfon kuma ya ƙi motsi, sannan ake yanke masa hukunci.

Abin da ke jawo matsalar a wannan yanki

Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a Zamfara da Sakkwato kan haura digiri 40, abin da ke busar da rigar waya har ta tsattsage. Ƙurar hunturu na shiga soket, damina ta jiƙa ta, tsatsa ta kama. Motocin da ke shiga gonakin ban ruwa na Bakolori suna ratsa taɓo da ruwa, famfon kuma galibi a ƙasan injin yake. Wankin injin da ruwa mai ƙarfi na tura danshi cikin mahaɗai. Ɓeraye na cin waya a motar da ake ajiyewa kusa da rumbu ko buhunan hatsi.

Akwai kuma tarihin motar kanta. Daga cikin motocin da ake shigowa da su daga Amurka akwai waɗanda kamfanonin inshora suka yi gwanjonsu bayan haɗari ko ambaliya. Ana iya gyara jiki a fesa fenti, amma tsatsar da ruwa ya bari cikin wayarin tana ci gaba da cin ƙarfe a ɓoye.

Wani lokaci ma laifin daga masana'anta yake. A Nuwamban 2012 Toyota ta janye motoci kimanin miliyan 2.77 a duniya saboda matsalar sitiyari da ta famfon ruwa, ciki har da Prius ƙirar 2004 zuwa 2009. Kamfanin ya bayyana cewa moton famfon na iya daina aiki, a wasu lokuta ma ya haɗe ya ƙona fis har mota ta tsaya tana cikin tafiya. Wanda ya sayi irin wannan mota hannu na biyu ko na uku zai iya duba lambar jikinta a shafin kamfanin domin sanin ko an yi mata gyaran.

Dabarun da ke ƙara ɓarna

Naɗa waya ko takardar sigari a gurbin fis ya zama ruwan dare. Fis an yi shi ne ya mutu domin waya ta rayu. Idan aka hana shi mutuwa, waya ce za ta yi zafi, daga nan gobara. Sa fis mai ƙarfin da ya wuce ƙa'ida ma haka ne.

Jona famfo kai tsaye da makulli, kamar yadda aka saba yi wa fanka, ba ya aiki a famfon da ke jiran umarni. Cire tamostat kuma na rikita lissafin ƙwaƙwalwar mota, ya ƙara shan mai. Murɗa wayoyi biyu a naɗe da tef yana haifar da irin turjiyar da aka lissafa a sama. Zuba ruwan rijiya zalla yana tara gishiri da tsatsa har farfelar famfo ta cije, moton ya ja wuta fiye da kima.

A motoci masu haɗa fetur da batir akwai iyakar da ba a ƙetarewa. Wayoyi masu ruwan lemo na babban batir ne, wanda a Prius ya kai bolt 201.6, ƙarfin da ke iya kisa. Famfon ruwa yana kan tsarin bolt 12 ne, binciken sa bai buƙaci taɓa waɗannan wayoyi ba.

Idan abin ya faru a kan hanya

A kashe na'urar sanyaya ɗaki, a sassauta totur, a nemi gari ko shingen jami'an tsaro mafi kusa. Kunna hita na taimakawa a motar da famfonta ke aiki, amma idan ruwa ba ya zagayawa amfaninsa kaɗan ne. Injin da famfonsa ya tsaya ba ya jure doguwar tafiya. Abin da ya rage shi ne tafiya gajeriya, a kashe ya huce, a sake matsawa, kuma ko wannan na iya lanƙwasa kan silinda. Idan wurin babu aminci, rai ya fi injin.

Rigakafin ya fi sauƙi: fis na ajiya iri-iri, testa, jarkar ruwa, da duba kawunan batir da soket ɗin famfo kafin a kama hanya. Tafiyar safe kuma ta fi ta yamma, ko don zafi ko don tsaro.

Haƙƙin mai mota da alhakin hukuma

Sabon famfo ba a cika samunsa a ƙananan garuruwa ba. Sai an aika Gusau ko Sakkwato, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, wani lokaci har Ladipo a Legas. Wanda aka sa ya saya alhali soket ne ya yi tsatsa ya yi asara biyu, domin sabon ma ba zai yi aiki ba. Mai mota na da damar yin tambayoyi uku kafin ya biya: wace lamba na'ura ta nuna, bolt nawa ke isa soket yayin da ake jan wuta, kuma an gwada wayar komawa? Yana kuma da kyau ya karɓi tsohon famfon da rasit.

Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye haƙƙin samun kaya da aiki masu inganci da kuma damar kai ƙorafi. Hukumar SON ce ke da alhakin hana jabun kaya, ciki har da fis da waya marasa inganci.

Babban giɓin dai na horo ne. Yawancin masu wayarin sun koyi sana'ar a hannun iyayen gidansu, a kan motocin da ba su da ƙwaƙwalwa, kuma ba laifinsu ba ne da fasahar ta sauya. Talata Mafara na da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau. Akwai hukumar NADDC mai kula da bunƙasa harkar motoci, akwai asusun horar da ma'aikata na ITF, akwai ƙungiyar kanikawa ta NATA. Yankin kuma ya fitar da gwamnoni uku na jihar: Ahmad Sani daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara, da Bello Matawalle daga Maradun. Matasan da ke bin diddigin kasafin kuɗi da ayyukan mazaɓu na iya tambayar wakilansu nawa aka ware domin koyar da sana'a, da kuma ko a cikin kayan tallafin da ake rabawa akwai mita da na'urar bincike ga masu gyaran da direbobin wannan hanya suka dogara da su.